Leza ta ta ƙi kama gilashi, ina masana?

Mai Kayan Biki:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara cikin gaggawa. Sana'ata buga kayan rabo na biki, kwanaki na sayi ƙaramin injin leza mai wat 10, irin mai shuɗin hasken nan, a katako da fata yana aiki lafiya lau wallahi har maɓallan mukulli nake yi da shi. To yanzu wata hajiya ta kawo min aikin kofunan gilashi guda 150 na bikin 'yarta, sunan ango da amarya da kwanan wata, na karɓi kuɗin kafin alƙalami, jiya na ɗora kofi ɗaya na kunna inji ya gama zagayensa tsaf na ɗauko kofi fes kamar ba a taɓa shi ba, sai katakon da na sa a ƙasa ne ya ƙone. Na ƙure wuta na rage gudu duk ɗaya. Injin ne ya lalace ko ni ce ban iya ba? Saura sati biyu biki.

Abu Hanifa Injiniya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, injinki ƙalau yake. Wannan shuɗin hasken tsawon zangonsa, wato awon da ke bambanta wani haske da wani, wajen nanomita 450 ne, haske ne da ido ke gani, shi kuwa farin gilashi ai aikinsa kenan barin haske ya wuce, shi ya sa ya ratsa kofin ya je ya ci katako. Injin da ke kama gilashi kai tsaye shi ne na CO2, wato lezar da ke aiki da iskar carbon dioxide, nasa zangon nanomita 10,600 ne kuma gilashi shanye shi yake ba ya bari ya wuce.

Amma akwai dabara. Ki shafa wa wurin baƙin fenti mai wankuwa da ruwa, irin na yaran makaranta, siriri kuma daidai ko'ina, ki bari ya bushe sarai. Fentin ne zai sha hasken ya yi zafi, zafin ya taɓa fuskar gilashin ya bar farin zane, in kin gama ki wanke. Inda fenti ya yi kauri ko ya yi tsalle nan zanen zai fito da dabbare-dabbare, don haka ki sayi kofuna biyar na gwaji tukuna kar ki fara da na mutane. Sannan kina da rotari kuwa? abin da ke juya kofi yayin da leza ke aiki. In babu to rubutun zai fito a tsakiya kawai gefe da gefe ya dushe saboda kofi ba shimfiɗaɗɗe ba ne.

Mai Kayan Biki:
Rotari kam babu Injiniya, littafi na sa na tokare kofin 😅 Allah ya saka da alheri, wallahi har na fara tunanin mayar mata da kuɗinta.

Baban Ilham:
Hajiya ni dai gaskiya zan faɗa miki, kofi 150 da fenti da jiran bushewa da wanki, a inji wat 10 kuma ba rotari, ga wutar NEPA yadda take, wahala za ki sha ba kaɗan ba. Ki nemi mai CO2 ku yi ciniki ya buga miki ki ɗora ribarki, dabarar fentin ki koye ta a hankali bayan biki.

Ni CO2 nake amfani da shi kuma ko shi sai da na fasa kofuna da dama kafin na gane kansa. Abin da mutane ba su sani ba leza ba yanka gilashi take ba kamar yadda take cin katako, zafi take bugawa wuri ɗaya farat ɗaya sai fuskar ta yi 'yan mitsi-mitsin tsagewa, tarin tsagewar nan ne kike gani fari kamar hazo. To in wuta ta yi yawa tsagewar sai ta haɗe ta ɓantare, ki shafa hannu ki ji kaushi har da ɓurɓushi mai shiga yatsa. Abin da nake yi, a LightBurn, manhajar da ke sarrafa injin, ba na barin zanen baƙi ƙirin, ina mayar da shi toka-toka kamar kashi 70 zuwa 80, DPI kuma, wato yawan ɗigo a kowane inci, ba na wuce 300, sai in jiƙa tishu in manna a wurin ba tare da ya tattare ba, wasu sabulun wanke-wanke suke shafawa. Kuma sau ɗaya ake wucewa, in kika maimaita ɓata shi za ki yi.

Wani abin mamaki, kofi mai araha na kasuwa ya fi mai tsada kyan zane. Masu nauyin nan da ake ce wa kiristal, masu dalma a ciki, riƙe zafi suke sai dai ki ji ƙas. Na taɓa fasa na wani alhaji guda biyu da ya ce daga Dubai ya zo da su, ranar ban yi barci ba.

Ɗan Zinder:
Sannunku. Tambaya a kan tambaya, su waɗancan duwatsun gilashi da ake ba manya kyauta, hoton mutum a can cikin tsakiya ba a jikin fuska ba, CO2 ɗin ne ke yi?

Abu Hanifa Injiniya:
A'a malam, wannan inji ne daban kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Leza ce mai koren haske, nanomita 532, tana ratsa gilashin ba ta taɓa fuska sai a daidai ɗigon da aka tattara hasken a ciki nan take yin 'yar tsaga, ɗigo dubbai su haɗu su ba da hoto. CO2 ba ya iya shiga ciki, a fuska yake tsayawa.

Hajiya na manta, dan Allah tabaran da suka zo da injin ki riƙa sa su, gilashi da madubi suna mayar da haske kuma shuɗin nan yana lalata ido cikin ƙiftawa, yara ma kar su leƙo. In kuma wani ya ba ki shawarar yanka sitika a leza don a manna a kofi a yi zanen da feshin yashi, ki duba kar ta zama ta robar da ake ce wa PVC, hayaƙinta guba ne kuma yana sa ƙarfen inji tsatsa.

Mai Kayan Biki:
Na gode ƙwarai. Baban Ilham na bi shawararka, na samu wani mai CO2 ya ce in kawo goma gobe mu gwada. Amma ya ce da rana ba ya aiki wai ruwan injinsa zafi yake, sai bayan la'asar, gaskiya ne ko yanga ce?

Baban Ilham:
Hhh gaskiyarsa ne. Bututun gilashi ne a ciki ruwa ke sanyaya shi, in ruwan ya haura digiri 25 ƙarfi na raguwa bututun kuma ya mutu da wuri, ni a watan Afrilu ƙanƙarar leda nake jefawa a bokitin. Ki tafi masa da kofuna 160, ko ya ƙware sai wani ya fashe.