Black-Scholes da kuɗin kamasho: sau nawa ake gyara delta?

Ɗan_Lissafi:
Assalamu alaikum malamai. Ƙa'idar Black-Scholes ta 1973, wadda ake lissafa farashin kwantiragin zaɓi da ita, ta ɗauka cewa wanda ya sayar da kwantiragin zaɓi (haƙƙin saye ko sayar da kadara a kan ƙayyadadden farashi) zai riƙa gyara deltarsa (yawan kadarar da yake riƙewa don kare kansa daga motsin farashi) ba ƙaƙƙautawa, kuma kyauta. A kasuwa kuwa kowane ciniki da kamashonsa, ga tazara tsakanin farashin saye da na sayarwa. To yaya ake sa wannan cikin farashi?

Malam_Sigma:
Wa alaikumus salam. Fara da hanyar Leland ta 1985. Ka tsayar da tazarar gyara δt, sannan ka ninka σ² (σ, wato sigma, ita ce ma'aunin hawa da saukar farashi) da (1 + A), inda A = √(2/π) × k/(σ√δt), k kuma kuɗin saye da sayarwa ne gaba ɗaya, a matsayin kaso na darajar cinikin.

Misali: σ kashi 20, k kashi 0.2, gyara kullum, wato δt = 1/252. A zai fito kusan 0.127, sai ka sa 21.2 maimakon 20 a cikin Black-Scholes. Mai saye shi ragewa zai yi, ya sami 18.7. In gyaran mako-mako ne, A ya sauka zuwa 0.058, sigma ta koma 20.6, amma kuskuren kariyar ya ƙaru. Kamasho ya ragu, haɗari ya hau.

Hajiya_Gamma:
Haka ne Malam, sai dai ɗalibin nan ya kula da abu biyu. Lissafin yana tafiya daidai ne idan gamma (Γ, saurin canjin delta yayin da farashi ya motsa) ba ta canza alama tsakanin + da −. Kundin kwantiragin da ya haɗa saye da sayarwa, inda gamma ke iya canza alama, sai an warware shi a dunƙule da kwamfuta. Sannan Kabanov da Safarian sun nuna a 1997 cewa muddin k tsayayye ne, kuskuren ba ya ɓacewa komai yawan gyara.

Ni na fi yarda da shingen Whalley da Wilmott. Ba agogo kake bi ba: kana barin delta ta yi yawo, in ta fita shinge ka mayar da ita bakinsa kawai, ba tsakiya ba. Faɗin shingen yana bin k^(1/3) da Γ^(2/3), don haka ko kamasho ya ragu ninki takwas, rabi kawai shingen zai tsuke.

Malam_Sigma:
Duk wannan in farashi bai yi tsalle ba ne, Hajiya. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya janye iyakar da ta hana Yuro faɗuwa ƙasa da faran 1.20 na kuɗin ƙasar, Yuro ta faɗi ƙasa da faran ɗaya cikin mintuna, masu gyaran delta ba su sami wanda za su sayar wa ba. Haɗarin tsalle sai da wani kwantiragin zaɓin ake rage shi.