Shin takunkumi zai iya hana ƙasa ƙera makaman nukiliya?

Malam Sani:
Jama'a, tun gwajin makamin nukiliya na farko da Koriya ta Arewa ta yi a 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ke ƙaƙaba mata takunkumi, amma zuwa 2017 ta ƙara gwaji biyar. Ina amfaninsa?

Hajiya Binta:
Malam, muddin Chaina, wadda akasarin cinikin ƙasar ke bi ta hannunta, ba ta rufe ƙofa ba, talaka kaɗai zai ji jiki. Sannan mahukuntan Pyongyang, babban birnin Koriya ta Arewa, sun ga ƙarshen Gaddafi, wanda ya ajiye nasa shirin a 2003.

Alhaji Musa:
Hajiya, ai matsin tattalin arziki ne ya kai Iran ga yarjejeniyar 2015 ta taƙaita shirinta na nukiliya, kuma sai bayan ficewar Amurka daga yarjejeniyar a 2018 ta fara tace yuraniyom zuwa kashi 60 cikin ɗari, matakin da ya kusa wanda ake ƙera makami da shi.