Ana cin zarafin ƙanina a gidan yari, ya ce kada in faɗa wa kowa

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Ƙanina ɗan shekara 19 ne, watansa huɗu a gidan yari yana jiran shari'a kan zargin satar waya. An ba da belinsa, amma an ce sai ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa, mu kuwa ba mu da kowa. Yau Asabar na kai masa abinci, na ga yana tafiya da ƙyar, ya ƙi zama a benci. Sai da lokacin ziyara ya kusa ƙarewa ya raɗa mini cewa shugaban ɗakinsu da wani yaronsa suna yi masa fyaɗe da dare. Abin ya fara ne tun da kuɗin wurin kwana ya yanke masa, na ƙarshe daren jiya. Ya haɗa ni da Allah in yi shiru, wai in magana ta fita ɗakin nan za a mayar da shi, kuma a ce masa ɗan luwaɗi. Inna ba ta sani ba, hawan jini gare ta. Ina zan dosa?

Ma'aikaciyar jinya: Innalillahi. 'Yar'uwa, kafin komai, lokaci. Akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ake kira PEP, dole a fara shansa cikin awa 72, a sha kwana 28. Tunda jiya Juma'a da dare ne, zuwa Litinin da dare kike da shi, kuma kowace awa da ta wuce ragi ce. Likita ya duba raunin ya rubuta a kati, domin rauni yana warkewa, rubutu ne ke zama shaida. Kada ya wanke wandon da ya kwana da shi. Cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna aikinsu ke nan, kuma suna karɓar maza. Sai dai wanda ke tsare ba zai je da ƙafarsa ba, sai hukumar gidan ta kai shi.

Wani dattijo: Ƙanwata, ki nemi ɗan kuɗi ki aika wa shugaban ɗakin, a rufa asiri. Yaron nan zai fito, zai nemi aure. Wasu maganganun binne su ya fi.

Wanda ya taɓa zama ciki: Baba, da girmanka, kuɗin nan sati guda yake saye. Na yi wata tara a ciki, na ga yadda ake yi: ranar da ka biya, ranar aka san gidanku akwai abin tatsa. Amma tsoron yaron gaskiya ne. Yaya, kada ki faɗa wa ganduroban da kika tarar a ƙofa. Shugaban ɗaki ba shi ya naɗa kansa ba, kafin ki isa titi labari ya koma ciki. A fara raba shi da ɗakin, sannan sunaye su fito.

Lauya: Abin da ɗan'uwa ya faɗa shi ne tsarin. Gobe Lahadi ki nemi ganin babban jami'in da ke riƙe da gidan, shi kansa, ki ce ƙaninki na da rauni, kina roƙon a kai shi asibitin gidan a kuma sauya masa ɗaki. Ki kai a rubuce, kwafi biyu, a sa hannu a naki. Litinin da safe ki je ofishin Legal Aid Council, kyauta suke ba marasa hali lauya, sannan Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, tana da ofishi a jihohi kuma tana da ikon shiga wuraren tsare mutane.

Maganar luwaɗi kuwa, wanda aka danne da ƙarfi ba mai laifi ba ne. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta amince cewa ana yi wa namiji fyaɗe, jihohi da yawa sun karɓe ta. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta lissafa fyaɗe cikin azabtarwa, hukuncin ya kai shekara 25, kuma tana iya hawa kan jami'in da ya sani ya kawar da kai. Shi ya sa takardarki ke da nauyi: daga ranar da aka karɓe ta, babu mai cewa bai sani ba.

Amma ni a ganina babbar kariya ita ce ya fito. Lauya zai iya roƙon kotu ta sassauta sharaɗin belin. Wata huɗu kan waya guda, haba.

Tsohon ganduroba: Barista ya yi daidai. Sauya ɗaki aikin minti goma ne in oga ya so. Cunkoso ne tushen abin, ɗaki ya cika maƙil, an kulle tun yamma, jami'in dare yana waje. Dokar 2019 da ta mayar da mu hukumar gyaran hali ta ɗora wa shugaban hukumar na jiha sanar da Babban Joji idan gida ya wuce ƙima. In oga ya yi miki wasa da hankali, ki haura ofishin jiha da kwafinki.

Ma'aikaciyar jinya: Na manta. Ki gaya wa yaron abin da za ki yi kafin ki yi, kada ya ji daga bakin wani. Kuma ya ji daga bakinki cewa ba laifinsa ba ne. In ya fara maganar gara ya mutu, ki sanar da likita nan take.

Mai neman shawara: Allah ya saka da alheri. Na rubuta takardar, kawunmu zai raka ni da safe, na ce masa rauni ne kawai. Barista, in saka sunan shugaban ɗakin a ciki?

Lauya: A'a, ba a wannan ba. Rauni, asibiti, sauyin ɗaki. Sunan ki riƙe shi sai kin zauna da lauyansa ranar Litinin.