Direban TPM ya daina amsawa bayan barci, kuma facin da na gada ya ƙi hawa kanel 6.12

mai_gado ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya taɓa shiga cikin drivers/char/tpm, wato lambar direban TPM a kanel na Linux, ya taimaka min da shawara.

A wurin aikinmu muna da wasu ƙananan na'urori masu firosesa ARM, kowace da guntun TPM 2.0, wato ɗan guntun tsaro, a kan layin SPI, wayoyin da ke haɗa shi da firosesa. Guntun ne ke riƙe da makullin da ke buɗe faifai, kuma IMA, sashen kanel da ke auna fayiloli, tana zuba ma'auninta a PCR 10, ɗaya daga cikin ma'ajin ma'aunai na guntun, don sabarmu ta riƙa tantance na'urar daga nesa. Tun fil azal a kan kanel 5.10 suke, da wani faci (gyaran lambar kanel) na cikin gida da wanda ya riga ni zama a kujerar ya rubuta kafin ya bar aiki. Babu wani bayani a kansa sai layi ɗaya da ke cewa gyaran farkawa ne. Yanzu an ce in kai su 6.12.

Facin ya ƙi hawa, domin ayyukan da yake taɓawa duk an sake musu fasali. Da na cire shi, na'urar tana tashi lafiya, tpm2_pcrread yana karanta komai. Amma da zarar ta yi barci ta farka, sai dmesg, rajistar saƙonnin kanel, ya cika da kuskure mai lamba 256, kowane umarni guntun ya ƙi shi har sai an sake kunnawa. Sannan tashin farko ma ya ƙara nauyi fiye da da.

In sake rubuta facin ne in ci gaba da ɗawainiya da shi, ko akwai hanyar da ta fi? Kuma in har gyara ne na gaske, ana karɓar irinsa a babban kanel, wato tushen da kowa ke ɗauka daga gare shi?

baffa_spi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka sake rubuta komai, buɗe facin ka gaya min umarnin da yake aikawa lokacin farkawa.

Ga dalilin tambayar. Lamba 256 ita ce 0x100, sunanta TPM_RC_INITIALIZE. Guntun yana gaya maka ne cewa an sake shi daga farko, ko wuta ta ɗauke masa ko an ja ƙafarsa ta sake-tashi, kuma har yanzu ba wanda ya aiko masa da TPM2_Startup. Kafin wannan umarni ba zai yi maka komai ba. A kwamfutocin x86 mutane ba sa ganin wannan, domin BIOS ce ke aika shi kafin ta miƙa wa kanel ragama, a tashin farko da kuma bayan barci. Kanel nasa kawai ya aika TPM2_Shutdown mai nau'in STATE kafin barci, don guntun ya adana halin da yake ciki. A kan ARM babu tabbacin akwai wanda zai yi wancan rabin aikin. Allonku ga alama yana yanke wa guntun wuta a barci, manhajar tashi kuma ba ta san da zamansa ba.

mai_gado ya rubuta:

Na duba, Baffa. A cikin aikin farkawa yake kiran TPM2_Startup, kuma da TPM2_SU_CLEAR. Bayan haka ya ƙara wa wasu lokutan jira tsawo.

baffa_spi ya rubuta:

Abin da na ji tsoro ke nan. Wannan facin kada ka kai shi ko'ina, ko da zai hau ba gardama.

Startup iri biyu ne. Mai STATE yana dawo da abin da aka adana kafin barci, har da PCR 0 zuwa 15 yadda suke. Mai CLEAR kuwa yana mayar da su farko, sifili tas. Su PCR ɗin nan duk darajarsu ita ce ba a iya rubuta musu abin da aka ga dama. Sai dai a ƙara: a haɗa abin da ke ciki da sabon ma'auni, a murƙushe su da SHA-256, sakamakon ya zauna a wurin. Hanya ɗaya ce, ba komawa baya sai an sake kunna na'urar gaba ɗaya, inda manhajar tashi za ta fara aunawa daga tushe. Facin naku ya buɗe ƙofar komawa baya ba tare da sake kunnawa ba. Kamar littafin mai gadi ne da ake ba shi sabo fil duk lokacin da ya yi gyangyaɗi. Wanda ya samu ikon root, wato cikakken iko, a na'urar zai sa ta barci, ta farka da PCR babu komai, ya bi ya sake zuba ma'aunai masu kyau ɗaya bayan ɗaya, sabarku ta tambaya, guntun ya sa hannu a kan ƙarya da zuciya ɗaya.

Ba hasashe nake ba. A 2018 wasu masu bincike daga Koriya ta Kudu sun nuna kusan wannan a taron tsaro na USENIX, ta hanyar barcin kwamfuta da ake kira S3, aka ba shi lamba CVE-2018-6622. Nasu sai da suka sha wuya suka samo ramin, naku an gina shi da hannu.

Abin da ya sa ba wanda ya lura kuwa, faifan an riga an buɗe shi tun tashin farko, ba mai sake neman makulli bayan farkawa. Amma ka je ka duba rajistar sabar taku. In ana tantance PCR 10 da gaske, ya kamata a ce duk na'urar da ta taɓa barci ta faɗi gwajin, domin jerin IMA ba zai dace da abin da ke cikin guntun ba. In ba ta taɓa faɗuwa ba, to akwai wata magana a can ma.

Gyaran yana ɗaya daga wurare biyu, kuma duka ba cikin direba suke ba. Ko dai manhajar da ke fara gudana a farkawa, a ARM galibi Trusted Firmware-A ce, ta aika Startup mai STATE kafin kanel ya dawo. Ko kuma masu allon su bar wa guntun wutarsa a barci, kai kuma ka sa powered-while-suspended a bishiyar na'urori (device tree, bayanin kayan allo da ake ba kanel), wanda ke gaya wa direba kada ya aika Shutdown ma. Ka kuma tambaye su inda suka ɗaura ƙafar sake-tashin guntun. In a kan wata ƙafar GPIO take wadda Linux zai iya ja, to ramin yana nan ko an cire facin. Dole ta bi sake-tashin allon gaba ɗaya.

Za ka ce me zai hana kanel ya aika STATE ɗin da kansa. A aikace zai yi, na'urar za ta farka lafiya. Sai dai ka bar zaɓin CLEAR ko STATE a hannun wanda ake son a auna ke nan.

yaya_gwaji ta rubuta:

Baffa ya gama da babbar. Ni kan nauyin tashi da gwaji zan yi magana.

Duba .config ko CONFIG_TCG_TPM2_HMAC na kunne. A 6.10 ya shigo, a 2024, aikin James Bottomley. Yana sa kanel ya ƙulla zama mai kariya da guntun, don kada mai satar sauraro a kan wayoyi ya ga sirri ko ya sauya umarni. Barazanar gaskiya ce. An sha nuna yadda ake tsinto makullin BitLocker, mai kulle faifan Windows, daga layin da ke haɗa guntun da firosesa, LPC ko SPI, a 2024 ma wani ya yi da Raspberry Pi Pico cikin ƙasa da minti ɗaya. Amma kariyar tana da tsada, domin sai guntun ya ƙirƙiri makulli ya yi lissafin ɓoye sirri na ECC, su kuwa guntayen nan ba su da sauri ko kaɗan. Mutane da dama sun koka da jinkirin tashi bayan 6.10, aka yi ta rage shi a fitowar da suka biyo. Kai da IMA ke ƙara ma'auni a kowane fayil, za ka fi jin sa. Kashe shi ka auna, ka kunna ka auna, sannan ku yanke shawara bisa inda na'urorin suke zama. In wuri ne da kowa zai iya kwance murfi ya kai ga allon, ni dai zan haƙura da jinkirin.

Gwaji kuwa, swtpm, manhajar da ke kwaikwayon TPM, da QEMU, mai kwaikwayon kwamfuta, suna da amfani, haka ma abin da ke tools/testing/selftests/tpm2. Amma ka sani swtpm ɗa ne mai ladabi, yana bin ƙa'idar TCG, ƙungiyar da ta tsara TPM, harafi da harafi. Rabin abin da ke cikin wannan direba kuwa saboda guntayen da ba sa bi aka rubuta shi. Akwai lambar da aikinta kawai gyara lokutan jira da wasu guntayen TPM 1.2 ke faɗa da ma'aunin da ba daidai ba. Akwai fayil guda na guntun Cr50 na Chromebook, domin shi sai an tashe shi kafin ya saurara. Wannan duka swtpm ba zai nuna maka ba. Ka samo na'urar karanta sigina ka maƙala a wayoyin SPI huɗun nan, ka ga kan saƙo mai bayit 4, ka ga inda guntun ke cewa a dakata, ka ga ana yanka bayanai bayit 64 ko ƙasa. Ta haka za ka san ko ƙarin lokacin jiran da ke facin yana da dalili ko tsoro ne kawai.

Kuma ka gwada yanke wuta ba sallama, a na'urar gwaji. Guntun na iya lissafa hakan cikin yunƙurin kalmar sirri da bai yi nasara ba, in ya taru ya kulle kansa na wani lokaci.

dan_tsaye ya rubuta:

Ni fa maganar kai gyara babban kanel ban cika zumuɗinta ba. Ka aika, a ce ka sake saƙon bayani, ka sake, a ce ka raba biyu, wata ya wuce. Mai aiki yana jiran na'ura. Kuma su can ɗin ma ba ma'asumai ba ne. Ku tuna 2023: a 6.4 aka kunna siginar katsewa a tpm_tis, kwamfutocin cinya iri-iri suka fara ambaliyar sigina, aka yi ta tara sunayensu a jerin keɓewa har aka gaji, a 6.5 aka mayar da abin sai wanda ya nema. A shekarar dai aka kashe ɗibar lambobin bazata daga fTPM na AMD, wato TPM na cikin firosesa, saboda sarƙewar da yake jawowa, bayan Linus Torvalds ya yi faɗa. Ka riƙe facinka a gida, ka san abin da ke ciki.

baffa_spi ya rubuta:

Malam dan_tsaye, misalan naka gaskiya ne, amma ni akasin haka na karanta a cikinsu. Ambaliyar nan an gano ta cikin makonni saboda dubban mutane ne ke gudanar da lambar a kan allunan da mai rubutun bai taɓa gani ba. Facin gidan su mai_gado fa? Tun 5.10 yake zaune da CLEAR a cikinsa. Da an aika shi linux-integrity, zauren imel na masu kula da wannan direba, da wuya ya kwana biyu ba a tambayi abin da na tambaya ba. Kuma kalmar "ka san abin da ke ciki" tana aiki ne muddin wanda ya sani yana nan.

Na yarda akwai jira. Kanel na fitowa duk mako tara zuwa goma, ƙofar sabbin abubuwa mako biyu ce kawai. Ba wanda ya hana ka ɗora gyaran a gida yau, kana kuma bin sa a can.

Ƙanena, abin da ya rage maka shi ne rabin facin da ya shafi lokutan jira. In na'urar karanta sigina ta nuna guntun yana wuce lokacin da ƙa'ida ta ba shi, wannan abin aikawa ne. Ka ɗaura shi da lambar shaidar guntun da direba ke karantawa daga TPM_DID_VID, kada ka ƙara wa kowa jira. Ka rubuta a kan sabon kanel, ba 6.12 ba. Ka bi da checkpatch.pl, get_maintainer.pl zai ba ka sunaye, za ka ga Jarkko Sakkinen a ciki. A saƙon bayani ka faɗi guntun, da sigar manhajarsa da tpm2_getcap ya nuna, da abin da ka auna. In an karɓa, sai ka nemi a saukar da shi zuwa 6.12, tunda mai dogon tallafi ne.

mai_gado ya rubuta:

Na gode ƙwarai Baffa, na gode Yaya. Na duba zanen allon: wutar guntun tana kan layin da ake kashewa a barci, ƙafar sake-tashi kuma tana bin ta allon, ba GPIO ba, alhamdu lillahi. Na aika wa masu manhajar tashi buƙatar Startup mai STATE. Kafin su amsa na toshe barci gaba ɗaya a na'urorin da ke waje. HMAC ɗin yana kunne, zan auna shi kamar yadda Yaya ta ce.

Sabar kuma na duba. Tana karɓar PCR 10 tana ajiyewa, amma ba ta kwatanta shi da jerin IMA. Zan buɗe wa wannan zare dabam, domin ba maganar direba ba ce.