Neman shawara: da kuɗin buhun riɗi uku, wace na'ura zan saya don gwada manhajata?

Mai tambaya, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun bayan kaka. Na yi watanni ina rubuta wata manhaja ta Android da Flutter, wato kayan aikin gina manhajojin waya, domin ƙungiyar manoman garinmu, wadda za ta riƙa ajiye lissafin wanda ya karɓi bashin taki, da yawan buhunan da ya karɓa, da abin da ya biya bayan girbi. Dalilin da ya sa na ɗauki aikin shi ne littafin sakatarenmu ya sha ruwa a daminar bara har wasu shafuka suka manne, sai da dattawa suka zauna kafin a sasanta wasu mutum biyu a kan buhu ɗaya. Akwai kuma ɗan shafin intanet da nake so shugabanni su riƙa duba jimilla a kai.

Kwamfutata ta hannu ce, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin-gadi da take aiki da ita, 4GB ne, kuma duk lokacin da na kunna wayar kwaikwayo ta cikin Android Studio, manhajar da ake gina manhajojin Android da ita, sai ta ɗauki zafi, fanka ta yi ta kuka, komai ya tsaya cik. Saboda haka a wayata kaɗai nake gwaji, a nan kuwa komai sumul. Amma ranar Lahadi a kasuwar Gujungu na sa wa ma'ajinmu manhajar a tasa wayar, sai madannin ajiyewa ya ɓuya a ƙarƙashin allon rubutu, dattijon ya yi ta dangwala yatsa har ya gaji ya miƙo mini wayar ba tare da ya ce komai ba.

Na sayar da buhun riɗi uku na ware kuɗin domin wannan aiki. Wani abokina ya ce in sayi iPhone ta hannu, wani ya ce in canza kwamfuta, wani kuma ya ce in biya kuɗin wata-wata a BrowserStack, shafin da ake gwada manhaja a kan wayoyinsu ta intanet, in huta. Wanne ya fi dacewa da mai irin halin da nake ciki?

Wani magidanci mai rubuta manhaja, daga Kazaure:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya yi wa wannan aiki albarka. Amsar tambayarka tana hannun ma'ajin nan naku, domin wayar da ya miƙo maka ita ce na'urar da ta kamata ka mallaka tun farko. Kafin ka kashe ko kwabo, ka bi 'yan ƙungiyar bayan sallar Juma'a ka rubuta irin wayar kowa, da sigar Android ɗin da ke kanta, da yawan RAM ɗinta. Ina kyautata zaton akasari za ka samu itel ne da Tecno da Infinix, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke ƙera su, wato Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma wasunsu suna ɗauke da Android Go, sigar da Google ya fitar a 2017 domin wayoyi masu ƙaramar RAM. Wadda ta fi kowacce rauni a cikin jerin, irinta za ka nema ka saya. Idan manhajarka ta tafi lafiya a kanta, a kan sauran sai dai ta ƙara sauri.

Bayan ka same ta, ka daina wahalar da kwamfutarka da wayar kwaikwayo. Ka shiga saitin wayar, wurin bayanin na'ura, ka taɓa Build number sau 7, sai Developer options ya bayyana, ka kunna USB debugging, wanda ke ba kwamfuta damar sarrafa wayar ta kebul, ka haɗa ta da kwamfuta. Ka kula da kebul ɗin, domin akwai na caji kawai wanda ba ya ɗaukar bayanai, kuma ni kaina na taɓa ɓata yini guda ina zargin kwamfutata alhali kebul ne. Flutter zai tura manhajar kai-tsaye cikin wayar, duk gyaran da ka yi ka gan shi nan take. Akwai kuma wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna scrcpy da ke nuna fuskar wayar a kan kwamfuta. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai shi ne kada ka auna sauri da sigar da kake gyara a kai, domin ita dama tana da nauyi. Ka gina sigar da za ka raba wa mutane, ita za ka auna.

Inda nake so ka fi tsayawa shi ne yanayin da za a yi amfani da abin. Sakatarenku ba a ɗaki zai zauna ba, a ƙofar sito zai tsaya ranar rabon taki, rana tana dukan fuskar wayar, mutane suna kiran sunansa ta ko'ina, caji ya yi ƙasa, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Ka je wurin da kanka ka gwada. Ka fara shigar da suna, ka kashe data a tsakiyar aikin, ka ga ko abin da ka rubuta ya ɓace. Ka sa wani ya kira wayar kana cikin rubutu. Ka cika ma'ajiyarta da hotuna da bidiyo, domin haka wayoyin mutanenmu suke, ka kuma ƙara girman rubutu a saiti kamar yadda dattawa ke yi saboda ido. Sannan ka kunna tsarin tattalin batir ka bar wayar ta kwana, domin wayoyi masu araha da dama suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye, ka wayi gari lissafin jiya bai tafi ko'ina ba. Shawarata ita ce komai ya fara zama a cikin wayar, a SQLite, wato ƙaramar ma'ajiyar bayanai ta cikin waya, sai an samu sabis a tura shi.

Wani mai gyaran kwamfuta, daga Rano:

Yaya na Kazaure ya faɗi gaskiya, sai dai ban yarda a bar kwamfutar haka ba. Google da kansa ya ce 8GB shi ne mafi ƙarancin abin da Android Studio ke bukata, idan kuma za a haɗa da wayar kwaikwayo 16GB ake so, don haka 4GB za ta ci gaba da cinye maka lokaci ko da waya ta gaske kake gwaji. Ba sai ka canza ta ba. Ka kai ta a buɗe a duba ko tana da gurbin ƙarin RAM, domin wasu nasu a like yake da allon ciki, sannan idan tsohon faifai mai juyawa ne a cikinta a musanya shi da SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi sauri. Waɗannan biyun ake ji a jiki nan da nan. Ka koma rubuta manhajarka a VS Code maimakon Android Studio, ya fi sauƙin nauyi.

Idan ka shiga Kano, a kasuwar waya ta Farm Centre za ka samu wayar ta hannu. Kada ka biya sai ka haɗa ta da kwamfutarka a gaban mai ita ka tabbatar ramin cajinta yana ɗaukar bayanai, ka kuma tabbatar an cire asusun Google na wanda ya riƙe ta a baya.

Wata malama mai gina shafukan intanet, daga Birnin Kudu:

Malam, ni a kan shafin zan yi magana, domin na ga an bar shi a baya. Ba ka bukatar sayen komai dominsa. A Chrome na kwamfutarka ka danna F12, za ka iya rage faɗin shafin zuwa pixel 360, wato ɗigon allo, wanda shi ne faɗin wayoyin Android masu araha da yawa, ka kuma rage gudun intanet zuwa na 3G ka ga tsawon lokacin da mutum zai jira. Idan wayar tana haɗe da kebul, ka rubuta chrome://inspect ka duba shafin yadda yake a cikin wayar kanta. Ka gwada shi a manhajar buɗe shafuka ta Opera Mini, domin har yanzu mutanenmu suna amfani da ita saboda tattalin data, kuma idan tana matakin matse data mai tsanani, a na'urorin kamfanin ake sarrafa shafin kafin ya iso wayar, don haka wasu madannai ba sa aiki yadda ka tsara.

Abin da ya fi damuna, wanda kusan kowa ke mantawa, shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Ka shigar da sunayen da ke da ɗ da ƙ da ɓ, ka ga ko sun fito daidai ko sun koma akwati, ka tabbatar komai yana kan UTF-8, tsarin ajiye rubutu da ke ɗaukar waɗannan haruffa. Ka gwada wurin bincike kuma: idan an ajiye suna da ƙ, sakatare kuma ya nema da k saboda allon rubutunsa ba shi da harafin, dole manhajar ta nemo shi, in ba haka ba zai ɗauka mutumin ba ya cikin lissafi. Idan kuma kana da niyyar tura wa manoma saƙon tes na tunatarwa, ka sani saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ƙ ɗaya ko alamar naira sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗin ƙungiya ne kuma zai tafi.

Wani ɗalibi, daga Gumel:

Da izinin manya. Batun iPhone a ajiye shi tukuna, domin gina manhajar iPhone sai da Xcode, kayan aikin Apple, shi kuwa a kwamfutar Mac kaɗai yake aiki, ga dala 99 duk shekara ga Apple. Google Play dala 25 ne sau ɗaya, amma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya yi gwaji da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fitar da manhaja, don haka ka fara tara 'yan ƙungiya masu adireshin Gmail tun yanzu. Maimakon biyan kuɗin wata-wata, Firebase Test Lab, wurin gwajin manhaja na Google ta intanet, yana ba da ɗan kaso kyauta kullum a kan wayoyi na gaske, ya isa ka duba wasu sigogin Android da ba ka da su. Ka sa Crashlytics a cikin manhajar, wanda zai riƙa turo maka rahoto duk lokacin da ta mutu, domin dattawanmu ba za su kira ka su ce manhaja ta mutu ba, kawai za su koma littafi.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan Juma'a na bi mutum 19 kamar yadda Yaya na Kazaure ya ce, ban samu iPhone ko ɗaya ba, kuma mutum 6 ƙaramar waya mai madannai suke riƙe da ita, abin da ban taɓa sa wa a lissafi ba, don haka maganar Malama ta saƙon tes ta zama dole. Na gwada binciken suna da k a maimakon ƙ, bai nemo kowa ba, a daren na gyara. Ranar Litinin in sha Allah zan shiga Kano da kwamfutar a duba gurbin RAM, in kuma nemo irin wayar ma'ajinmu. Malam na Rano, idan aka buɗe aka tarar RAM ɗin a like yake, shin SSD kaɗai zai wadatar, ko in haƙura in jira kuɗin zoɓo in canza ta gaba ɗaya?