Muhawara: Dakta Robat tantance marasa lafiya ya yi, ko kisan kai?

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. A zango na 3 na shirin talabijin na almarar kimiyya Battlestar Galactica, wanda ke gudana a wani jirgin yaƙi na sararin samaniya, akwai kashi mai suna The Woman King, wanda aka nuna a Fabrairun 2007. 'Yan gudun hijira sun cika wani ɓangare na jirgin, a cikinsu har da 'yan Sagitaron, wata al'umma a shirin, waɗanda addininsu ya hana su maganin asibiti, sai dai saiwa. Cutar Melorak ta ɓulla, tana farawa daga ƙoda, kuma allurar bitamusin na warkar da ita idan an yi cikin awa 48, amma maganin kaɗan ne. Daga baya aka gano Dakta Robat, likitan da ke kula da 'yan gudun hijirar, guba yake yi wa 'yan Sagitaron, yana adana maganin domin waɗanda yake ganin sun fi amfani. Ni ra'ayina shi ne ƙarancin magani ne tushen abin, ƙyamar addinin ƙari ce. Duk likitan da ke da allura goma da majinyata hamsin dole ya zaɓa, kuma mutanen nan da bakinsu suka ce ba sa so. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, zaɓin da kake magana yana da ƙa'ida, kuma jikin majinyaci ake dubawa. A tsarin da masu agajin gaggawa suka fi amfani da shi, wanda zai iya tafiya da ƙafarsa ana ɗaura masa alama mai launin kore, ya jira. Sauran a duba abu uku. Numfashi: in ya wuce 30 a minti ɗaya, ja ne, wato a fara da shi. Jini: a danna farce a saki, in launinsa bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ko ba a jin bugun jijiya a wuyan hannu, ja ne. Hankali: in ba ya iya bin umarni mai sauƙi kamar "matsa hannuna", ja ne. Wanda ya tsallake ukun amma ba ya iya tashi, rawaya. Wanda ba ya numfashi ko bayan an buɗe masa hanyar iska, baƙi. A cikin wannan duka babu inda ake tambayar garinku ko abin da kake bauta wa. Ko wanda aka yanke cewa ba za a iya ceto ba ana rage masa zafi ne, ba a ƙarasa shi.

Nasiru: Dakta, wannan na haɗarin mota ne. A annoba ai ana fifita ma'aikatan lafiya da sojoji, mun gani lokacin rigakafin korona.

Dakta Hauwa: Ana fifitawa, amma hukuma ce ke rubuta jerin, a sanar da shi kowa ya ji, kuma bisa aikin da mutum ke yi ne. Da Admiral Adama, kwamandan jirgin, ya ce matuƙa jiragen yaƙi su fara samu, da sai a yi gardama a kan wannan a fili. Robat shi kaɗai ya yanke a zuciyarsa, ya kuma yi wa majinyata ƙarya cewa magani yake ba su. Ka tuna yaron nan Wili. Uwarsa ta saɓa wa koyarwar addininta ta yarda a yi masa allurar, ya mutu. Maganar "su suka ce ba sa so" ba ta hau kansa ba ko kaɗan. Wanda ya ƙi magani ai ya riga ya bar wa wasu kasonsa, ba sai an kashe shi ba. Waɗanda suka miƙa hannu suka yarda su ne gubar ta fi samu.

Malam Sabo: Ni ta ɓangaren magani zan shigo. Abin da Dakta Kotul, babban likitan jirgin, ya samu a jinin yaron bisfosfonet ne, ba bitamusin ba. Melorak da bitamusin ƙirƙira ce ta marubuta, amma bisfosfonet dangin magani ne na gaske, ana ba masu zaizayewar ƙashi da waɗanda kansa ta shiga ƙashinsu. Ɗaya daga cikinsu, zoledronik, miligiram 4 ake sawa a ruwa ya shiga jijiya a hankali, kada ya gaza minti 15, kuma sai an auna aikin ƙoda kafin kowace allura. Idan aka tura shi da sauri ko aka zarce ƙima yana lalata ƙoda, yana kuma kayar da sinadarin kalsiyam na jini har zuciya ta rikice. To ga cutar da ita ma ƙoda take ci. Gawar za ta yi kama da wadda cutar ta kashe. Mai duba takarda kawai ba zai ga komai ba.

Inda za a kama shi tun da wuri shi ne ɗakin ajiyar magani. Kowace kwalba tana da lambar rukuni, ana rubuta shigarta da fitarta a kati, a kuma haɗa da takardar majinyaci. Idan takardu sun ce an yi wa mutum 40 allura amma kwalabe 25 suka fita, akwai magana. Haka idan wani maganin ƙashi yana ƙarewa a wurin da babu mai ciwon ƙashi. Sharaɗin shi ne mai rubuta magani daban, mai fitarwa daban, mai ƙirgawa a ƙarshen mako daban. A sansanin nan duka ukun mutum ɗaya ne.

Barista Rabi: Malam Sabo ya taɓo wurin. A doka ƙin magani haƙƙi ne, kuma ba ya zubar da sauran haƙƙoƙi. Kotun Ƙolin Najeriya a shari'ar Okonkwo ta 2001 ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana iya ƙin ƙarin jini saboda addininsa, likita kuma ba shi da laifi in ya mutunta hakan. A 2019 kotun ta ce ƙaramin yaro daban ne, ana iya neman umarnin kotu a ceci ransa ko iyaye sun ƙi. Kowanne daga ciki yana da takarda: a bayyana wa mutum haɗarin da yaren da yake ji, ya sa hannu gaban shaida, kuma ƙofar a buɗe take in ya sake shawara gobe. Kuskuren da aka yi a jirgin shi ne ɗaukar ƙin wasu a matsayin ƙin kowa. Da an ji "ɗan Sagitaron ne" sai a rufe fayil.

Aminu: Ni ba na tare da Nasiru, amma ina da tawa ƙorafin a kan shirin. Sun sauƙaƙa wa kansu da suka mai da likitan makashi mai allurar guba, don kowa zai tsine masa ya kwanta da zuciya fes. Wariyar asibiti ta zahiri ba ta da wannan fuskar. Ita ce a bar ka a layi awa huɗu, a rage maka maganin zafi don an ɗauka raki kake yi, a ƙi tura ka gwaji. Babu gawa ɗaya da za ka nuna.

Dakta Hauwa: Rabin maganarka na karɓa, Aminu. Sake kallon waɗanda suka kewaye Robat. Kanar Tai, mataimakin Adama, yana kare shi don sun yi gwagwarmaya tare a Sabuwar Kafrika, duniyar da suka zauna a baya ƙarƙashin mamayar abokan gaba, yana kuma jin haushin 'yan Sagitaron da ba su ɗauki makami ba. Kotul, likitan kirki, ya ce ya duba gawar alhali bai auna jinin ba sai daga baya. Adama ya ce wa Hilo, hafsan da ya fara zargin Robat, ya bar maganar. Babu ɗayansu da ya riƙe sirinji, amma kowa ya riga ya san "irin mutanen nan", shi ya sa kukan uwar bai shiga kunnen kowa ba. Ga kuma Duwala, 'yar Sagitaron ce amma hafsa, ita Robat ya yi mata maganin gaskiya. Wannan ita ce wariyar da kake nufi, tana nan a cikin shirin.

Malam Sabo: Kuma makashi mai allura ma ba tatsuniya ba ne. Harold Shipman, wani likita a garin Hyde na Ingila, an same shi da laifin kashe majinyata 15 a Janairun 2000, binciken da ya biyo baya ya ƙirga sama da 200, da allurar dayamofin, wani maganin zafi mai ƙarfi. Wata likita a garin ce ta lura a 1998 cewa takardun ƙona gawa da ke fitowa daga wurinsa sun yi yawa, 'yan sanda suka duba suka ce babu hujja. Hilo ma abin da ya yi ke nan, ya tono tsofaffin fayiloli ya ga mafi yawan 'yan Sagitaron da suka bi ta hannun Robat a Sabuwar Kafrika sun mutu. Lissafin ba wuya: mace-mace a raba da adadin waɗanda aka duba, ga kowane likita, ga kowane rukuni, a kuma daidaita da tsananin ciwo don kada a zalunci likitan da ake tura wa masu nauyi.

Malam Isiyaku: Allah ya saka muku. Kada dai a ɗauka duk mai addini ɗan Sagitaron ne. Mu an umarce mu da neman magani, hadisi ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da ya fi kama da halinmu shi ne tsoro. A 1996 lokacin sanƙarau a Kano an gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a binciken da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba, kamfanin Pfizer ya musanta laifi, aka sasanta da jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 har zuwa Yulin 2004, wannan tabon yana cikin abin da mutane ke ambata. Dakatarwar ta jawo wa yara shanyewar ƙafa, ba na kare ta. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Nasiru: Allah ya gafarta Malam, na janye kalmar zaɓi, kisa ne. Sauran maganata tana nan. Da maganin ya wadata, da Robat bai sami hujjar da zai faɗa wa kansa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.

Barista Rabi: To fayilolin Sabuwar Kafrika fa, Malam Nasiru? Tun kafin Melorak ta ɓulla a jirgin mutanen nan ke mutuwa a hannunsa, babu wanda ya ƙirga.

Nasiru: Can ma ƙarƙashin mamaya suke, magani bai wadata ba. Malam Sabo, in za a raba mace-macen can bisa rukuni, a daidaita da tsananin ciwo kamar yadda ka ce, majinyata nawa ake buƙata kafin a ce bambancin ba sa'a ba ce?

Malam Sabo: Ya danganta da girman tazarar. In rukuni ɗaya 9 cikin 10 ke mutuwa, ɗayan kuma 1 cikin 10, majinyata goma-goma sun isa a dakatar da likita a tono gawa. In tazarar 12 da 15 ce cikin 100, sai ka tara dubbai.