Zanen ɗalibai a gasa: a ina aikin yake lalacewa?

Malamin zane, Yaba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu haɗa abin da kowa yake gani da idonsa a ayyukan da yaranmu ke turawa gasa, musamman irin wadda ake ba da takardar sharuɗɗa a ce ga abin da ake so: bangon littafi, fosta, zanen littafin yara ko tallan kamfani. Abin da ya fi yawa a teburina shi ne yaro mai hannu, zane ba laifi ko kaɗan, amma bai amsa tambayar da aka yi masa ba. Ɗauki takardun gasar D&AD New Blood na Landan. Kamfanoni ne ke ba da su, kuma kowace tana faɗin matsalar da ake son warwarewa, mutanen da za a yi wa magana, abin da dole ya fito a aikin, da yadda za a miƙa shi. Ɗalibi zai karanta sakin layi na farko, wani hoto ya faɗo masa a rai, shi ke nan ya ajiye takardar. Bayan mako uku hoton nan zai kawo maka.

Abin da ke rage wannan ciwo: a buga takardar a riƙe a hannu, kada a karanta ta a waya. A ja layi ƙarƙashin duk inda aka ce dole. Sannan ɗalibin ya rubuta jimla ɗaya da Hausarsa: wa ake so ya gani, me ake so ya ji, me ake so ya yi. In jimlar ta gagare shi, bai fahimci takardar ba, kuma kada a bar shi ya taɓa fenti. Daga nan sai ƙananan zanen gwaji da fensir, kowanne bai fi akwatin ashana ba, ashirin zuwa talatin. Biyar na farko a zubar. In an ce Legas, danfo ce, wato motar haya rawaya, da gadar Third Mainland. In an ce Arewa, rawani ne da raƙumi da dagi. Kowa ma nan zai fara, alƙali kuwa zai ga irinsu har ya ƙosa.

Mai aikin ɗab'i, Shomolu:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ta ɓangaren inji zan zo, don a nan ne aiki mai kyau yake mutuwa ba tare da mai shi ya san dalili ba.

Na farko girma. Yaro ya buɗe fayil a manhajar zane irin Procreate ko Photoshop da girman fuskar waya, ya kwana yana zane, sai ranar turawa ya ga ana son A3. A3 milimita 297 ne da 420, a dpi 300 kuwa, wato ɗigo 300 a kowane inci, fiksel 3508 da 4961 ke nan. In ka ja ƙaramin hoto ya kai nan, layuka za su yi dishi-dishi, ba dabarar da za ta dawo da su. Girma ake fara saitawa kafin a ja layi ɗaya.

Na biyu rarar yanka. Wuƙar yankan takarda ba ta faɗawa daidai kan layi kullum, tana iya kaucewa da milimita ɗaya ko fiye. Shi ya sa ake barin zanen ya zarce da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma a ja shi ciki da aƙalla milimita 5. Wanda bai bar rara ba zai ga farin zare a bakin aikinsa.

Bangon littafi shi ne inda lissafi ke kayar da su. A ce littafin milimita 129 ne da 198, shafi 240, takarda mai giram 80. Shafi 240 ganye 120 ke nan, kowane ganye wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, to gadon bayan littafin zai kai wajen milimita 12. Faɗin fayil duka: 129 na baya, 12 na gadon baya, 129 na gaba, da rara 3 hagu 3 dama, jimla 276. Tsawo 204. In gasar ta ba da nata samfurin fayil, a yi amfani da shi kawai, a bar ƙirƙira. Kuma a tuna bangon gaba yana hannun dama idan an shimfiɗa fayil ɗin. Ana samun masu juya shi. A bar wa lambar sayarwa mai layi-layi gurbinta a bangon baya, kada a ɗora fuskar jarumi a wurin.

Sai kala. Kore mai ƙyalli da shuɗi mai haske da kuke gani a allo RGB ne, haske ne. Inji tawada huɗu yake da ita, CMYK, kuma ba ta iya fitar da wannan ƙyallin. In za a buga, a duba aikin a CMYK tun ana tsakiya, kada a bari sai daren ƙarshe. In a allo kaɗai alƙalai za su duba, a tura a sRGB. Ƙananan rubutu baƙi a sa K 100 zalla, wato baƙar tawada kaɗai, don in an haɗa shi da tawada huɗu, farantin bugu na kala ɗaya ya ɗan goce, harafin zai fito da inuwa. Babban fili baƙi kuwa K zalla yana fitowa kamar ya koɗe, sai a ƙara masa, misali C60 M40 Y40 K100. Jimlar tawada kada ta haura kashi 300, in ba haka ba takarda ba za ta bushe da wuri ba, ta shafa wa ta bayanta.

Mai zanen littattafan yara, Idi-Araba:
Malam na Yaba, ban yarda da kai gaba ɗaya ba kan zubar da danfo. Laifin ba na danfo ba ne, na kallon nesa ne. Wanda ya zana danfo daga waje, daga tsallaken titi, ya zana abin da baƙo ma zai zana. Wanda ya zana ta daga kujerar baya, da hannun kwandasta cike da canji a ninke tsakanin yatsu, da yarinya rungume da kular abinci a cinya, wannan ya kawo abin da alƙali bai taɓa gani ba. A koya musu matsowa kusa.

A gasar littafin yara kuma matsalar daban ce. Baje kolin masu zane na kasuwar littattafan yara ta Bologna a Italiya zane biyar yake nema, kuma biyar ɗin su zama na labari ko jigo ɗaya. Ɗalibanmu sukan tura hotuna biyar masu kyau waɗanda ba su san juna ba. A na farko yarinyar 'yar shekara shida ce, a na uku ta koma goma sha biyu, a na biyar kitsonta ya canja. Kafin a fara shafi ko ɗaya, a yi takardar jaruma: gaba, gefe, baya, tana gudu, tana kuka, tana zaune. A auna tsayinta da tsawon kanta, a ce kai huɗu, a tsaya a kan haka har ƙarshe. A zaɓi kala biyar ko shida a manne a gefen tebur.

Kuma biyar ɗin kada su zama duka daga nisa ɗaya. Ɗaya fili mai faɗi da ke nuna gari, ɗaya fuska ta cika shafi, ɗaya a kalli abin daga sama. Littafin hoto yawanci shafi 32 ne, saboda ana ninke takarda takwas-takwas ko sha shida-sha shida. In an cire shafin suna da na haƙƙin mallaka, abin da ke saura wa labari buɗi 12 ne zuwa 14, wato shafi biyu-biyu masu fuskantar juna. A ninke farar takarda a yi ɗan littafin gwaji, a riƙa juya shi da hannu. A nan ne za a ga fuskar da ta faɗa tsakiyar ɗinki, da shafin da ba a bar wa rubutu wuri ba. Sarari na rubutu tun a fensir ake ware shi. Ɗora farin akwati a kan zane daga baya alamar ba a yi shiri ba ce, kuma ana ganewa.

Mai tsara haruffa, Agege:
Hajiya ta taɓo rubutu, bari in ɗora. Duk aikin da aka sa Hausa a ciki, a gwada ɓ, ɗ, ƙ da manyansu kafin a zaɓi salon harafi. Yawancin masu ado da ake saukewa kyauta ba su da su. Kwamfuta sai ta aro daga wani salon, ƙ ɗin ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri, ko ta zama akwati. Noto Sans da Andika suna da su. In taken bango ne, mafi kyau a rubuta shi da hannu a kan takarda daban, a ɗauka da sikana, lanƙwasar ƙ ta zama cikin ado. Kafin a fitar da PDF a mayar da haruffa zane, ko a tabbatar an cusa su cikin fayil.

Masu son sa ajami don ado, don Allah su kai wa wanda ya iya karantawa ya duba. Wasu manhajojin suna warware haruffan, su jera su daga hagu, kowanne shi kaɗai. Baturen alƙali ba zai gane ba, amma aikin zai zauna a kundin ayyukanka, kuma watarana almajiri zai gani.

Mai aiki da fentin ruwa, Obalende:
Damshin Legas ba ya wasa da takarda. Wadda ba ta kai giram 300 ba, da ta sha ruwa sai ta kumbura, fenti ya taru a kwari. A jiƙa ta, a shimfiɗa a kan katako, a ɗaure gefe huɗu da tef ɗin takarda mai danƙo, a bari ta bushe sarai kafin a fara. Da damina shafi ɗaya kan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya bushe, mai gaggawa ya ɗora na biyu, kala ta dagule. Fanka ta fi rana, rana tana sa takarda ta murɗe.

Ɗauka kuma: sikana a dpi 600, a rage daga baya. In aikin ya fi A4, a ɗauka kashi biyu da haɗin santimita 3 ko 4 a tsakani, a ɗinke a kwamfuta. In waya ce kaɗai, a fita inuwa da hantsi, a kwantar da aikin, wayar ta tsaya daidai samansa, a ajiye farar takarda a gefe don gyaran kala. Ƙwan lantarki na ɗaki yana mayar da fari rawaya.

Ɗaliba, shekarar ƙarshe:
Malamai, ina da tambaya. In an ce a tura allon bayani tare da aikin, me ake sawa a ciki? Kuma in mutum bai ci ba, aikin nasa ne ko na masu gasar?

Mai tsara tallace-tallace, Ikeja:
Ƙanwata, allon farko shi ne komai. Alƙali yana da tarin ayyuka a gabansa, zagayen farko kallo ne na ɗan lokaci, sau da yawa a ƙaramin hoto. Sa aikin da aka gama a allon farko, babba, da jimla ɗaya ko biyu da ke faɗin dabarar. Tarihin yadda kika fara, da zanen gwaji, su koma allon ƙarshe in an nema. Ɗalibai suna yin akasin haka: shafi uku na bincike, aikin kansa a kusurwar shafi na huɗu. Gwaji mai sauƙi: rage hoton ya koma faɗin santimita 3, ki mayar da shi baƙi da fari. In har ana gane abin da yake, ana karanta taken, to ya tsaya da ƙafarsa. In ya zama tabo ɗaya, haske da duhunsa sun yi kusa da juna, ƙarin kala ba zai gyara ba.

Nuna shi inda zai rayu. Fosta a jikin bangon tasha, bango a jikin littafi a kan kantar shago. Amma samfuri biyu sun isa. Wanda ya manna zanensa a kofi da riga da jaka da hula, alhali takardar fosta ta nema, ya nuna bai san abin da aka tambaye shi ba.

Batun mallaka, amsar tana cikin ƙananan rubutun sharuɗɗa. Ki nemi ko izinin nunawa kike ba su, ko mallakar kike miƙawa ɗungurungum. Na farko abu ne da aka saba. Na biyu, musamman in ya shafi duk wanda ya shiga ba wanda ya ci kaɗai ba, aikin banza ake nema da sunan gasa, ni dai ba na ba ɗalibi shawarar shiga. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare zane da zarar an yi shi, ba sai an yi rajista ba, amma abin da kika amince da shi a sharuɗɗa zai ɗaure ki. In takardar ta kamfani ce, tambarinsu nasu ne, kina iya nuna aikin a kundinki a matsayin na ɗaliba gwargwadon yadda sharuɗɗan suka yarda, ba ki da ikon sayar da shi da tambarin. Ki duba kuma abin da suka ce kan ƙirƙirarriyar basira, kowace gasa da nata hukuncin. Ajiye zanen fensir da fayil mai leya-leya, su ne shaidarki in an yi tambaya.

Malamin zane, Yaba:
Hajiya, na karɓi gyara kan danfo. Ƙari ɗaya kan bitar bayan gasa, don yawanci ba a yin ta yadda ya kamata. A manna takardar sharuɗɗan a bango, aikin a gefenta, a bi layin da aka ja ɗaya bayan ɗaya. Mai aikin ya yi shiru, abokansa su faɗi abin da suka fahimta kafin ya buɗe baki. In sai ya yi bayani aka gane, a rubuta wannan a matsayin aibi na farko. Sannan a buɗe ayyukan da suka ci a takarda iri ɗaya, a tambayi wace jimla ce a takardar kowannensu ya kama. A ba shi mako ɗaya ya gyara abu biyu kacal kafin aikin ya shiga kundi.

Mai aikin ɗab'i, Shomolu:
Kada a manta agogo. In an ce ƙarfe 5 na yamma agogon Landan, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris ƙarfe 6 ke nan a Legas, sauran watanni kuma agogonmu ɗaya da su. Italiya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba tana gabanmu da awa ɗaya. A duba iyakar nauyin fayil da tsarin sunan da aka ce a sa masa, wasu gasar ma ba sa son sunan mai zane ya fito a jikin aikin. Inda ake biyan kuɗin shiga da fam ko yuro, a gwada katin tun da mako guda, katin naira yana iya ƙin wucewa. A tura da kwana biyu a gaba, a sake sauke fayil ɗin a buɗe a wata na'urar a ga ko ya tafi lafiya.